Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kano: shekara 4 da kullen korona, har yau ba a zauna da mu ba

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, tare da Shugaban Majalisar Dokoki ta Jiha da sauran wakilanmu da ke cikinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, ya kuma yi riƙo da hannayenku a kan nauyin da ya ɗora muku.

Ranka ya daɗe, ni tela ne. Na haura shekara 20 a kan keken ɗinki a wani lungu cikin ƙaramar hukumar Dala. Ni ne kuma magatakardan ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarmu, wadda ke yashe kwata kafin damina, da share maƙabarta, da neman motar kai marar lafiya asibiti idan dare ya tsala. A cikinmu akwai teloli, da 'yan adaidaita sahu, da 'yan garuwa, da masu shayi, da 'yan dako na kasuwar Singa, da matan da ke tuyar ƙosai da awara a cikin gida yara su fitar. Da yawunsu nake magana. A zaman da muka yi bayan Sallah suka ce in rubuta, na karanta musu kafin in fitar, suka ce haka ne.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, a farkon wannan wata na Afrilun 2024 kun ƙaddamar da kwamitocin bincike guda 2 a ƙarƙashin alƙalai, ɗaya kan kadarorin gwamnati, ɗaya kan rikicin siyasa da mutanen da suka ɓata daga 2015 zuwa 2023. Ba mu da ja a kan haka. Amma mun kasa kunne a rediyo ko za mu ji an ambaci abin da ya faru da mu a 2020, ba mu ji ba. Fili ko shago idan an sayar ba bisa ƙa'ida ba, kotu na iya dawo da shi. Iyayenmu da muka binne a wancan azumin ba za su dawo ba, kuma har yau babu wata gwamnati da ta tara mu ta ce ga abin da ya kashe su, ga inda aka yi kuskure, ga abin da za a yi idan wata annobar ta sake zuwa.

Bari in fara da mace-macen, domin su ne suka fi tsaya mana a rai.

Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Ranar Alhamis 16 ga wata da ƙarfe 10 na dare dokar kulle ta fara aiki. Kafin a ɗauki azumi ranar 24 ga wata, mu da muke zirga-zirgar maƙabarta mun riga mun gane akwai abin da ke faruwa. Na je maƙabartar Dandolo rakiyar gawar wani dattijon maƙwabcinmu, na tarar da makara 3 a jere ana jiran a gama haƙa. Akwai wani mai haƙar kabari da na sani tun ina yaro. Na miƙa masa hannu, sai na ga tafinsa ya farfashe, ƙasa ta cike tsagar. Ya ce mini tun bayan sallar asuba bai zauna ba, kuma bai taɓa ganin irin wannan ba tunda ya fara aikin. Babu safar hannu a tare da shi, babu takunkumi. Yawancin waɗanda ake kawowa tsofaffi ne, kuma a 'yan makonnin nan ne Kano ta rasa manyan mutane irin su Farfesa Ibrahim Ayagi da Sarkin Rano, Alhaji Tafida Abubakar Ila, da malaman jami'a da dama.

Abin da gwamnatin jiha ta faɗa mana a lokacin shi ne hawan jini ne, da ciwon suga, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro. A daidai wannan lokaci kuma cibiyar gwajin korona da ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ta tsaya da aiki na kwanaki, ga shi ita ce Kano ta dogara da ita. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni da kewaye, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. Gwamnatin jiha ta fitar da nata binciken, ta ce kason bai kai 20 cikin 100 ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu mutane ne masu suna da 'ya'ya. Aka bar maganar a haka, kowa ya riƙe tasa, aka wuce.

Baffana, ƙanin mahaifina, yana cikinsu. Ya daɗe da ciwon suga amma yana fita kasuwa da ƙafarsa. Ranar 5 ga azumi bayan an sha ruwa numfashi ya fara yi masa wuya. Babu adaidaita a titi. Muka ari motar wani maƙwabci, muka ratsa shingen jami'an tsaro har 3, a kowanne sai mun buɗe ƙofa sun haska shi da tocila sun ga halin da yake ciki. Asibitin farko mun tarar da ƙofa a garƙame. A na biyu wata ma'aikaciyar jinya ta yi mana magana ta taga, ta ce ba su da kayan kariya, ba za su iya taɓa mai wahalar numfashi ba, mu yi haƙuri mu gwada wani wuri. A na uku aka ce babu gado. A kan cinyata ya cika a hanyar komawa gida, ina ta tofa masa addu'a. Ban riƙi wannan ma'aikaciya a zuciyata ba. Na ji muryarta tana rawa, kuma daga baya mun ji yadda likitoci da ma'aikatan jinya da yawa suka kamu a Kano. Wanda ya tura ta aiki hannu rabbana shi ne da alhaki. Har yau idan na je gaishe da matarsa takan tambaye ni, “Shin wai korona ce ko sugan ne?” Ba ni da amsar da zan ba ta.

Sai maganar yunwa.

Ranka ya daɗe, mu Musulmi ne, ba mu ƙi a tsare gari saboda annoba ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kuka ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita. Kuma gaskiya ɗaya ce, mu ma muna da namu laifin: a cikin samarinmu akwai waɗanda suka riƙa buga ƙwallo a lungu suna ihun babu korona, akwai manyan da suka goya musu baya. Amma wanda zai rufe garin da mafi yawan mutanensa hannu baka hannu ƙwarya suke, wajibi ne ya fara tambayar kansa me za su ci gobe. Ɗan garuwa sai ya tura kura ya sayar da jarka kafin a ɗora tukunya a gidansa. Ɗan adaidaita kullum sai ya kai wa mai mashin balas. Mu teloli kuwa azumi shi ne kakarmu. Abin da tela ya samu a ɗinkin Sallah da shi yake biyan hayar shago, da kuɗin makarantar yara, da bashin da ya ci tun bayan babbar Sallah. A waccan shekarar Kantin Kwari a rufe, babu shadda, babu yadi, babu zare, wanda ma ya riga ya kawo ɗinki ba shi da abin biya. Na sayar da keken surfanina a rabin kuɗinsa na sayi gero da sukari. Wani abokin sana'ata kwana 2 iyalinsa suna buɗe baki da ruwa da ƙanzo, kunya ta hana shi faɗa, sai da matata ta ji daga bakin 'yarsa.

Ana ta sanarwa a rediyo a riƙa wanke hannu da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu. A lungunmu an yi shekaru famfo bai kawo ruwa ba, kuma 'yan garuwar da muka dogara da su suna cikin waɗanda aka hana fita.

Da aka ga abin ya yi tsanani sai aka ware Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, aka buɗe kasuwanni ƙalilan irin su 'Yankaba da 'Yanlemo. Duk wanda ya je ya ga abin da ya faru. Mutanen da a da suke watsuwa a kasuwanni da yawa cikin kwana 7, aka matse su a wuri kaɗan cikin sa'a 6. Kafaɗa da kafaɗa, numfashi a kan numfashi, a kasuwa da bakin banki. Farashi ya tashi domin kowa na sauri. Idan akwai inda cutar ta samu hanya, to nan ne. Wanda kuma yunwa ta fito da shi a ranar da ba a ware ba, kotun tafi-da-gidanka na jiransa da tara.

Kayan tallafi kuwa mun ji labarinsu fiye da yadda muka gan su. An kafa kwamitin tara gudunmawa, attajirai da kamfanoni sun bayar, gwamnatin tarayya ta aiko da hatsi. A mazaɓarmu da aka zo rabo, ba a nemi mai unguwa ya kawo sunayen zawarawa da marayu da tsofaffin da ba su da mai ba su ba, alhali shi ya san gidan da ba a hura wuta ba. Takarda ta fito daga hannun masu riƙe da jam'iyya. Na san wata tsohuwa mai riƙon jikoki 4 da ta wuni a layi ta koma da buhunta a naɗe, na kuma san wanda yake da shago cike da kaya aka kai masa har gida. Ba a unguwarmu kaɗai ba ne, domin har hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha sai da ta kama wani shugaban ƙaramar hukuma bisa zargin karkatar da kayan. A watan Oktoban shekarar kuma duk ƙasa ta ga yadda aka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna aka tarar da abincin tallafi jibge. Tun daga ranar, duk abin da hukuma ta faɗa game da korona, talaka sai ya ce kasuwanci ne.

A nan ne siyasa ta yi mana illar da ta fi ta cutar daɗewa. Ranar 9 ga Maris ɗin 2020, wata guda kafin cutar ta shigo, aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu aka naɗa Alhaji Aminu Ado Bayero, bayan an riga an raba masarautar gida 5 a 2019. Ba ina shiga wannan shari'a ba ne. Abin da nake nufi shi ne, tsanin da saƙon lafiya ke bi ya isa ƙofar gidan talaka, daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, yana cikin girgiza a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, gari kuma ya rabu biyu, kowane ɓangare ba ya jin maganar ɗaya. Gwamna Ganduje ya nemi naira biliyan 15 daga tarayya, yana cewa an yi watsi da Kano. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya ƙaƙaba kullen mako 2. A watan Mayu Abuja ta ƙara wa'adin, Kano kuma ta ba da izinin sallar Juma'a da ta Idi. Talaka yana tsakiya, bai san maganar wa zai kama ba. Aka ɗage kullen a farkon Yuli. Ranar 16 ga Janairun 2021, a lokacin da cutar ta sake tasowa a karo na biyu, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da tarukansa da gangaminsa, kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe gidajen kallon ƙwallo da wuraren biki. Yaran unguwarmu sun lura da wannan, sun kuma yi mana tambayar da muka kasa amsawa: cutar tana tsoron taron siyasa ne?

Ba na cewa gwamnatin da ta wuce ba ta yi komai ba. An buɗe cibiyoyin killace masu cutar a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha, an ƙara wuraren gwaji daga baya, kuma ma'aikatan lafiya da yawa sun sayar da rayukansu. Haka nan ba na cewa ɓangarenku ya fita fes. A kafafen sada zumunta mun ga magoya bayan kowane gida suna murna da tuntuɓen ɗaya gidan, ana ƙirga gawa kamar ana ƙirga ƙuri'a. Amma muna tuna cewa a watan Afrilun 2020 jagoranku, Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso, ya rubuta wa Shugaba Buhari wasiƙa yana neman a binciki mace-macen Kano. A lokacin kuna adawa. Yau mulki na hannunku, kotun ƙoli ma ta raba gardama a kan zaɓenku tun 12 ga Janairun 2024. Abin da kuka nema a wancan lokaci yanzu ku ne masu iya yin sa.

Almajirai ma kada a manta da su. An ɗebe yara a manyan motoci ana mayar da su Katsina da Jigawa da Kaduna da sauran jihohi a tsakiyar annoba, wasu da aka gwada su a can aka same su da cutar. Tsangayar da ke bayan gidanmu an kwashe ta a rana ɗaya. Kafin shekara ta zagayo yaran sun dawo, suna kwana a soron da suka bari.

Yanzu ga abin da ya sa muka ce wannan magana ba tuna baya ba ce kawai.

Ranar 2 ga Maris ɗin 2021 allurar rigakafin korona ta AstraZeneca kusan miliyan 4 ta sauka a Abuja. Da ta iso Kano, manya suka naɗe hannun riga a gaban kyamara aka yi musu, sannan aka ce mu fito. Ni na je an yi mini sau 2, na kai mahaifiyata ma. Amma a majalisarmu ta mutum 12, mu 3 ne kawai muka je. Idan na yi musu magana sai su ce, “Waɗanda suka hana mu shinkafa su ne za su ba mu allura kyauta?” Da gwamnatin tarayya ta ce daga 1 ga Disambar 2021 ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da shaidar rigakafi ko ta gwaji, ga kuma masu niyyar Umara da Hajji da ke buƙatar katin, sai wata kasuwa ta buɗe. Ni da kaina an yi mini tayin kati ba tare da allura ba, a kan 'yan dubbai. A watan Disambar 2021 ɗin ne kuma aka lalata allura fiye da miliyan 1 a Abuja saboda wa'adinta ya ƙare.

Duk mai son fahimtar Bakano a kan allura sai ya koma 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a wani gwaji da ya shafi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, sai a 2004 aka dawo da shi. Kuma mun ga yadda aka shawo kan mutane bayan haka. Marigayi Sarki Ado Bayero ya ɗiga wa yara maganin da hannunsa a bainar jama'a. Masu unguwanni suka riƙa shiga gaba, mata 'yan unguwa da aka sani da iyayensu suka riƙa shiga gida gida, malamai suka yi bayani a kan mumbari. Ma'aikata 9 aka harbe a Kano a watan Fabrairun 2013 a kan wannan aiki, sauran ba su fasa ba. Bayan 2014 ba a sake samun shan inna na asali a jihar nan ba, a watan Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da shi. Yardar da aka shekara 10 ana ginawa da jini da gumi, ita aka yi wasa da ita a watanni 3 na kulle.

Sakamakon ya zo mana da sunan mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 cutar ta ɓulla, kuma Kano ce ta ɗauki mafi yawan waɗanda suka kamu a duk Najeriya, akasarinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba ko ba a kammala musu ba. Allurar da ke kare yaro daga mashaƙo ba sabuwa ba ce. Tana cikin wadda ake yi wa jariri a mako 6 da mako 10 da mako 14, kyauta. Akwai wata yarinya a gidan da ke kallon shagona, an haife ta ana saura kwanaki a rufe gari. An yi mata ta ranar haihuwa. Lokacin ta mako 6 ya faɗo tsakiyar kulle, babu abin hawa, uwar kuma na tsoron asibiti. Da gari ya buɗe uban ya ce shi ya gama da duk wata allurar gwamnati. A daminar bara ta fara zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, aka zaci hakin wuya ne aka kai ta wurin wanzami. Kwana 2 wuyanta ya kumbura, wani farin abu ya rufe maƙogwaron, numfashinta na fita da ƙara. Da aka kai ta asibiti an makara. Ni na ɗinka mata kayan Sallar da ta yi ta ƙarshe, atamfa mai ruwan goro, uwar ta ce in ƙara tsawo saboda ta sa har baɗi. Uban yanzu shi ne ke bin gidaje tare da mu idan masu rigakafi sun zo, ba ya iya doguwar magana, sai dai ya ce wa maigida, “Ka dube ni.”

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a fito da rahoton tarayya da na jiha a kan mace-macen 2020, a mayar da su Hausa, a karanta a gidajen rediyo. Sannan a kafa zaman sauraron jama'a a Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, inda masu haƙar kabari, da masu wankan gawa, da ma'aikatan asibiti, da iyalan mamata za su faɗi abin da suka gani. A ba likitoci da malaman jami'a da malaman addini jagorancinsa, kada a sa ɗan siyasa ko ɗaya, na gwamnati ko na adawa. Idan aka mayar da shi sandar dukan gwamnatin da ta wuce, rabin gari zai toshe kunne, mu kuma ba za mu samu amsar da muke nema ba. A cikin wannan zama a bayyana abin da aka tara na gudunmawa, kuɗi da kaya, da inda kowanne ya tafi, mazaɓa bayan mazaɓa.

Ga 'yan majalisa kuma, ku 40 ne, kowannenku ya san gidajen da aka yi makoki a mazaɓarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna so ku yi doka tun yanzu da gari yake lafiya, wadda za ta ce ba za a rufe Kano saboda annoba ba sai an tanadi abincin masu nema kullum, kuma rabon ya bi ta hannun masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin sana'a, da rajistar da aka rubuta tun kafin buƙata ta taso, a liƙa ta a ƙofar gidan mai unguwa kowa ya gani. Dokar ta ce 'yan garuwa da masu kai marasa lafiya asibiti ba sa cikin waɗanda ake tsarewa. Ta ce asibitin gwamnati ba zai rufe ƙofa ga mai ciwon suga ko mai naƙuda ba, gwamnati kuma ta ajiye kayan kariya da iskar oksijin da za su sa ma'aikaci ya iya buɗe ƙofar ba tare da ya jefa ransa a halaka ba. Ta ce idan za a sassauta, a buɗe kasuwannin unguwanni duka a ranaku mabambanta. Ta kuma ce duk ranar da aka hana sallar jam'i da biki, taron siyasa ma ya haramta, har da zaɓe.

A kan rigakafi, a bi gida gida a nemo yaran da aka haifa daga 2019 zuwa 2022 a duba katinsu, a cike musu abin da suka rasa. A ɗauki matan unguwa da ungozomomi da malaman Islamiyya a wannan aiki, a biya su haƙƙinsu a kan kari, domin mun san waɗanda suka yi aikin rigakafi suka yi watanni suna bin kuɗinsu. A zauna da wanzamai da masu kemis a koya musu alamomin mashaƙo, tunda wurinsu ake fara zuwa. Idan uba ya kawo maganar Pfizer kada a ce masa jahili, a ce masa gaskiya ne abin ya faru, ga kuma bambancin wancan da wannan. A bar barazanar kamu da tara, mun ga abin da take haifarwa. Kuma don Allah a cire hoton 'yan siyasa da launin jam'iyya daga jikin katin asibiti da akwatin allura da motar rigakafi. A unguwarmu akwai gidan da idan suka ga jar hula ba za su buɗe ƙofa ba, akwai gidan da idan ba su gan ta ba ba za su buɗe ba, yaran gidajen biyu kuma aji ɗaya suke zaune.

A ƙarshe, masu haƙar kabari. A sa su a tsarin albashi na ƙananan hukumomi, a ba kowace maƙabarta littafin rubuta sunan mamaci da shekarunsa da unguwarsa da abin da iyalinsa suka ce ya yi fama da shi, wani jami'in lafiya ya riƙa karɓar adadin duk mako. Su ne suka fara ganin abin da ke faruwa a 2020, makonni kafin a yarda da maganarsu.

Mu a namu ɓangaren mun riga mun fara. Mun rubuta sunayen mutum 23 da muka binne daga unguwarmu tsakanin farkon kulle da ƙaramar Sallah ta 2020, da ranar rasuwar kowanne, da asibitocin da aka kai shi idan an kai. Mun kuma rubuta gidajen da ke da yaran da ba su kammala rigakafi ba, mai unguwarmu ya sa hannu. Littafin yana cikin durowar keken ɗinkina. Duk ranar da kuka turo wakili, ko kuka kira zama, za mu kawo shi, matar baffana ma ta ce za ta zo.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba Kano lafiya da zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Magatakardan wata ƙungiyar taimakon kai da kai,
Ƙaramar Hukumar Dala, Kano.
Afrilu, 2024.